Farin Zanen da Bai Shiga Ruwa Ba

Da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar Juma'a abubuwa suka fara karkacewa. Na riƙe lokacin ne domin ina cikin duba agogo ɗan kamasho ya karɓe jakata a tashar mota ta Zariya, ya cusa ta a but, gefen wata jarkar manja. Na ga jarkar, na ga an toshe bakinta da leda. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya daka mini tsawa, "'Yan mata, shiga mana, ke kaɗai ake jira!" Na shiga.

Tun da na dawo 'yan ɗakinmu da 'yan zumuntar ɗalibai ke tambayata yadda aka yi. Wasu ma da barka suke tare ni, don sun ɗauka an yi. Ba a yi ba. Ni kuwa ba ni da bakin ba da labari; da zarar mutum uku sun zuba mini ido sai magana ta maƙale. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rahila, a Kaduna na tashi, ina ajin ƙarshe a jami'a. Babana Yakubu mutumin wani ƙauye ne kusa da Janfalan a ƙasar Ikara, cikin Hausawan da suka karɓi bishara tun zamanin kakanninmu. Wani mai bishara, Baba Istifanus, shi ya yi masa baftisma a rafin ƙauyensu. Ina 'yar shekara tara babana ya kwanta ciwon ajali. Baba Istifanus ya zo duba shi a asibiti, ina zaune a bakin gado na ji babana ya ce masa, "Kai ka tsoma ni, kai za ka tsoma mini Rahila." Tsohon ya ce, "Na ɗauka."

A cocinmu na Kaduna akwai kwamin siminti bayan bagadi. Ana cika shi da ruwan famfo, a kuma rubuta ranar baftisma a allon sanarwa tun da sauran watanni. Na gama ajin baftisma tare da sa'o'ina, duk suka shiga kwamin, ni na ƙi. Tun daga nan, duk ranar jibin Ubangiji, sai in karɓi faranti daga hannun dama in miƙa wa na hagu ba tare da na ɗauki komai ba, don sai wanda aka yi wa baftisma ke ɗauka. Shekara bakwai ke nan. Mutanen ƙauyenmu sau ɗaya suke baftisma a shekara, bayan ɗaukewar ruwan sama, ƙananan ikilisiyoyi su haɗu a rafi ɗaya. Kowace shekara kuma sai wani abu ya gitta mini: wata shekarar jarrabawa, wata shekarar hanya ba lafiya mamata ta hana ni, wata shekarar na kwanta zazzaɓi. Bana sai labari ya zo cewa dattawa sun yanke, wannan ce shekarar ƙarshe da Baba Istifanus zai shiga ruwa, saboda tsufa.

Na kira ƙanwar babana, Gwaggo Laraba, ta wayar mai bisharar ƙauyen, don ita ba ta da tata. Na tambaye ta rana. Ta ce, "Wajen Lahadi ta biyu a watan sha ɗaya, in ruwa ya yarda." Na riƙe Lahadi ta biyu, na bar sauran maganar a matsayin irin abin da manya kan ƙara a ƙarshen zance. Mamata ta ɗinka mini farin zane da riga, na goge su, na naɗe. Na kashe wayata na makon jarrabawa kamar yadda na saba. Na tsara in isa Juma'a, in huta Asabar, a yi Lahadi.

Ba ni kaɗai ake jira a motar ba. Biyu daga cikin waɗanda na tarar a zaune, da mota ta kusa cika sai suka sauka suka koma kan benci. Ashe 'yan tashar ne, an zaunar da su don a ga kamar saura kaɗan. Sai da rana ta ɗaga muka tashi. An zuba mu huɗu a baya, ni a tsakiyar wata mata mai goyo da wani dattijo mai zuwa sayen tumatir, wanda ya yi ta ba direba labarin farashin kwando tun daga Zariya har Tashar Yari. A nan muka bar babban titin Kano muka yi gabas. Daga nan rake ya fara: rake a gona, rake a kan amalanke, rake a jingine jikin kowace rumfa. Ban taɓa ganin garin da kowa ke tauna abu ɗaya a lokaci ɗaya kamar Maƙarfi ba.

Mun wuce Maƙarfi da kaɗan sai wani abu ya yi ƙara a gaban mota, hayaƙi ya taso. Direba ya leƙa ya ce fambel ne ya tsinke. Ya tare mai babur ya aika a sayo. Kafin a dawo lokacin masallaci ya yi, shi da mazan motar suka nufi wani ƙauye da ke hango. Aka bar ni da mai goyo a gindin mangwaro. Ta ɓare rake ta miƙo mini. Na ce na gode, ban iya sha ba. Ta dube ni kamar na ce ban iya shan ruwa ba, ta yayyanka mini shi ƙanana da wuƙa.

Can wajen bayan azahar, ina zaune, na ji kamar ganga daga nesa, da muryoyin mata. Na ce mata, "Ko biki ake yi?" Ta ce, "Kaka ce, kowa aure yake." Ban ƙara tunanin abin ba.

Sai bayan la'asar muka shiga Ikara. Da aka buɗe but, jarkar tana kwance a kan jakata. Mai manjan ya yi ta faɗa da direba a kan asarar da ya yi. Ni ba wanda ya kula da ni. Na tsaya a gefe na zuge jakar. Farin zanen ya sha manja daga wannan gefe zuwa wancan.

Na hau babur zuwa ƙauyenmu. Rabona da garin tun ina ƙarama, amma na gane gidan Gwaggo da tsamiyar ƙofar gida. Ƙofar a rufe take da kwaɗo. Na leƙa majami'a, ita ma a rufe. Unguwar Kiristocin shiru, sai kaji da tsofaffi biyu da ba su ji sallamata ba.

Wata dattijuwa ta fito daga gidan da ke maƙwabtaka, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida da ba ta san ko su wane ne ba, sannan ta matso ta kama haɓata.

"Wannan goshin na Yakubu ne. Ke ce Rahilar da ake ta nema a waya?"

Na ce ni ce.

"Ai Laraba ta kusa zautuwa. Kullum tana kan tudu da wayar malaminku, wai wata mata ce ke amsawa da Turanci. Sun tafi tun jiya, su duka."

"Ina suka tafi, Inna?"

"Wajen Gubuci. Ruwan nan namu ya gudu."

Sunanta Inna Habi. Ita ta kai ni bakin rafi kafin rana ta faɗi, don ta ga ban fahimta ba. Ba ruwa, sai yashi da ɗan kwararo da akuya za ta tsallake. Gaɓa biyu cike da injinan ban ruwa, tiyo ya miƙe zuwa gonakin tumatir da albasa. A tsakiyar yashin akwai wani baƙin dutse. Ta nuna shi da sanda.

"Kin ga dutsen can? Shi ne kalandarku. In kansa ya leƙo, ruwa ya rage ƙarfi, ba zai ja mutum ba. In gindinsa ya fito, ruwa ya ƙare. Tsakanin nan dattawanku ke sa rana. Bana damina ta ɗauke da wuri, masu injin kuma ba su jira ba. Kafin a ce me, ga shi tsirara."

Na tambaye ta ko ta san ranar da za a yi a Gubuci. Ta ce, "Ku ba Lahadi kuke abinku ba?" Na ji daɗin wannan amsar ƙwarai, na riƙe ta.

A ɗakinta na kwana. Ta yi tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa, ta ajiye mini kwano ni kaɗai, ta juya baya don in ci ba kunya. A gidanmu baƙo tare ake cin abinci da shi ana hira. A nan karramawa ita ce a bar ka da kwanonka. Hakan ya yi mini daidai. Ta ba ni labarin babana yana yaro, yadda yake satar mata goruba, da yadda ita ta fara kai wa kakata ruwan zafi ranar da aka haife shi. Da za ta yi sallar magariba ta ce, "Ke ma yi naki, ba mai hana ki."

Da safe ta ga zanen. Ta yi salati, ta ɗora ruwa, ta wanke da sabulu da toka da lemon tsami. Ja ya koma rawaya. Na ce ko a ƙara wanki ɗaya. Ta ce, "Ko kin wanke sau goma haka zai tsaya. Manja rana ce ke cire shi, a hankali. Ki yi ta shanyawa." Har yanzu yana kan igiya a bayan ɗakinmu, masu tambayar zanen wa ne, nawa ne.

Ɗanta Malam Garba, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ya ɗauke ni a babur. Ya ce ta titi zagaye ne, zai yanke ta cikin gonaki. Mutum ne mai surutu, iska kuma tana kwashe rabin abin da yake faɗa, don haka na yi ta cewa "haka ne" ban san me nake amsawa ba. Daga baya na gane a cikin abin da na amsa har da cewa zan nema wa babban ɗansa gurbi a jami'a.

Kun tambaye ni ko na ƙetare wata iyaka. Na ƙetare, amma ba irin ta littafi ba. Inda ƙasar Ikara ta ƙare ta Maƙarfi ta fara, an gitta igiya a hanya, 'yan sintiri na zaune a inuwa. Na yi sauri na fito da katin makaranta, na miƙa da hannu biyu. Babbansu ya duba gaba, ya duba baya, ya mayar mini.

"Wannan ai na makaranta ne, malama. 'Yar gidan wa ce ke?"

"'Yar Yakubu ce."

"Wane Yakubun? Yakubu ai sun fi dawa yawa."

Na faɗi cikakken sunan kakana kamar yadda yake a takarduna. Suka dubi juna. Sai Malam Garba ya ce, "Kai, jikar Ɗan'azumi ce fa, mai gangar noma."

"Haba! Ai da ka faɗa tun farko. Ɗan'azumin da in ya buga, rago ma sai ya gama kunya goma? Sauke igiya!" Har da guntun rake aka ba ni. Ban taɓa sanin kakana makaɗi ba ne sai ranar.

Mun isa ƙauyen da ke gefen Gubuci da hantsi. Tun daga nesa na ga fararen zannuwa a shanye a kan dangar majami'a, sun bushe. Na ƙirga su da ido, sannan na daina. Malam Garba ma ya gani, ya kashe babur.

Gwaggo Laraba ce ta fara hango ni. Mace ce gajera mai babbar murya. Ta taho da zani a hannu tana faɗa tun kafin ta iso.

"Ke 'yar boko! Wayar taki ta ado ce? Na kira, na kira, har matar nan ta gane muryata! Na ba direban Zariya saƙo ranar kasuwa, na ce a gaya wa Rahila 'yar jami'a, bai gaya miki ba?"

"Gwaggo, jami'ar da girma."

"To ke ba a san ki ba ne?"

Sai ta rungume ni, ta fashe da kuka, ni kuma na tsaya kamar itace.

Jiya aka yi. Ta kai ni bakin rafin ta nuna mini. Su ma nan ruwansu ya ja baya, amma ba kamar namu ba. Dattawan ikilisiya suka je wurin masu noman rani, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka roƙa a kashe injina na yini ɗaya. Manoman suka ce to, amma sai dai Juma'a, tunda dama ranar ba sa cika aiki. Aka jera buhunan yashi aka datse rafin tun asuba. Bayan an sauko daga masallaci ruwa ya kai ƙirji.

"Baba ya shiga da ƙafarsa," in ji Gwaggo, "mutum biyu na riƙe da shi. Ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya har ya gama. Sai ya ɗaga kai ya ce, 'Ina 'yar Yakubu?' Na ce ba ta iso ba, Baba. Ya ce mata su ƙara waƙa. Muka yi. Ya ce a ƙara. Masu injin suka fara zuwa suna tsayawa a gaɓa. Ba wanda ya ce uffan a cikinsu, Allah ya sani, amma kowa ya san tumatir na jiran ruwa. Shi kuma yana tsaye, idonsa a hanya, har leɓensa ya fara rawa. Surukinsa ne ya shiga ya ciccibo shi. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, suka tafi da shi gidan 'yarsa a ƙasar Kudan."

Na tambaye ta ko an buga ganga. Ta ce an buga mana. Na gaya mata inda motarmu ta lalace. Ta ce a'a, nisan ya yi yawa, ba zai yiwu a ji ba, biki ne na ji. Wataƙila gaskiyarta ne.

An riga an kwashe buhunan. Injina sun koma aiki, ruwan bai wuce idon sawu ba. Na sami faston wurin, Fasto Dauda, matashi mai natsuwa, na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na tambaye shi ko za a iya sake roƙon manoman.

Ya ce, "'Yar'uwa, yini guda suka ba mu a lokacin da shukarsu ta fi bukatar ruwa, ba su karɓi ko sisi ba. In na koma yau, baɗi da wane ido zan je? Kuma ko an tara ruwan, Baba ba ya nan." Sai ya ƙara da cewa, "Ni zan iya yi miki, a duk inda aka sami ruwa."

Na ce na gode. Ya gane.

Na yi Lahadi a wurinsu. A Kaduna ƙarfe tara ake fara sujada, wanda ya makara ya tsaya a waje sai an gama addu'a. A nan ana buga wani tsohon ƙarfen taya da ke rataye a bishiya, sannan a zauna ana waƙa har sai mutanen ƙauyen da ya fi nisa sun iso. Na tambayi Gwaggo ƙarfe nawa ake farawa, ta ce, "In an taru." Baikon da aka kawo wa Ubangiji kuwa, da kwanon dawa, da damin masara, da zakara ɗaya da ya yi ta cara a lokacin wa'azi. Aka yi jibin Ubangiji saboda sababbin da aka yi wa baftisma, da zoɓo a ƙananan kofuna. Wata yarinya da na girme ta da shekaru ta ɗauki nata. Farantin ya zo kaina, na miƙa wa Gwaggo.

A ranar ban yi addu'a ba. Na sunkuyar da kai dai kamar kowa, amma abin da ke cikina lissafi ne: da na yi magana a tasha, da na hau motar farko, da na kunna waya ranar Laraba, da fambel ya ƙara awa ɗaya. Duk ta inda na bi, sai in ga abin da ya raba ni da ruwan nan ɗan kaɗan ne, kuma Ubangiji yana gani.

Litinin da safe ni da Gwaggo muka kama hanyar Kudan. A bayan a-kori-kura mai ɗauke da rake muka zauna har Maƙarfi, ganyen yana yankar mini ƙafa, Gwaggo tana ciniki da direba a kan dami ɗaya da ba ta da niyyar saya. Muka ci faten tsaki a wata rumfa, da yakuwa da gyaɗa, mai zafin da ya sa na yi hawaye ba tare da kowa ya tambaye ni dalili ba. Daga nan muka ƙetare titin Kano, muka hau babura. Ƙasar Kudan ƙamshinta daban: ko'ina ana dafa ruwan rake a manyan kasake ana zuba mazarƙwaila, hayaƙin har a harshe ake jin zaƙinsa.

A hanya na gama tsara abin da zan faɗa. Zan ɗauki shatar mota, a kai Baba Kaduna. A cika kwami da ruwan ɗumi. Ba sai ya shiga ba ma, ya tsaya a baki ya ɗora hannu, wani ya taimaka. Na maimaita maganar a zuciyata har ta zauna.

'Yarsa Saratu ce ta tare mu a ƙofar gida. Da Gwaggo ta ce ga Rahila, ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Sannunki da zuwa." Na san abin da take nufi, kuma ban ga laifinta ba.

Yana kwance a tabarma a tsakar gida, inda rana ke sauka, an lulluɓe shi da bargo. A tunanina dogon mutum ne. Wanda na gani bai fi yaro girma a cikin bargon ba. Na durƙusa. Ya tambayi mamata, da karatu, da hanya, da mutanen Kaduna, yana tsayawa yana tari tsakanin kowace gaisuwa, bai tsallake ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Saboda ni ka kwanta."

"Saboda ke? Ke ce kika sa mini shekara tamanin?" Ya yi dariya, tari ya biyo baya. "Saratu, ba wa baƙi ruwa, ki daina harararsu."

Sai na zuba masa tsarin nawa, tiryan-tiryan, ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban babba ba. Kafin ya amsa Saratu ta ce daga bakin murhu, "Likita ya ce ko ƙofar gida kada ya fita. Kaduna? A kan wannan hanyar?"

Baba ya ce, "Kwaminku ba shi da laifi, jikata. Ruwa ruwa ne. Jikin ne ya ƙi. Ki bari in Allah ya kai mu baɗi, zan roƙi dattawa su ƙara mini shekara ɗaya, mutum ɗaya."

"Baɗi ina bautar ƙasa, Baba. Ban san inda za a tura ni ba." Sai na ci gaba: "Shekara bakwai ina jira. Bana na shirya komai, ban bar komai ba. Na wuce ta kusa da ku kuna cikin ruwa. Me ya sa Ubangiji zai kawo ni kusa haka, sannan ya hana?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ban sani ba."

Na yi tsammanin wa'azi. Na jira, bai ƙara ba. Can ya ce, "Babanki ma damina biyu ya jira. Shekarar farko fari aka yi, rafi bai kawo ba. Ta biyu ni aka tura ni wani gari. Ya zo ya same ni yana huci kamar ke, har da cewa zai haƙa rami ya cika da ruwan rijiya. Ranar da na tsaya a ruwa ina duban hanya, ni ma na tambaya, jikata. Na ce, Ubangiji, ga ni, ga ruwa, ina yarinyar? Ni ma ba a ba ni amsa ba. Sai sanyi."

Gwaggo ta share ido da bakin zani. Saratu ta kawo kunu ta ajiye a gabana, ba harara wannan karon.

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wadda ba a yi wa tsoho, balle yana kwance. Na dubi tabarma na ce, "Baba, in baɗin ya yi, kai kuma ba ka..." Na kasa ƙarasawa.

Gwaggo ta ce, "Ke!"

Ya ɗaga mata hannu. Ya zaro ɗayan daga cikin bargo ya ɗora a kaina. Da zafin zazzaɓi a tafinsa.

Ya ce, "Na yi wa Yakubu alkawarin hannu, ban yi masa alkawarin rana ba, don ranar ba tawa ba ce. In na kai, ga hannun. In ban kai ba, wanda ya kawo ki har tabarmar nan yana da wasu hannuwan. Ki shiga ruwan da ya ba ki, ranar da ya ba ki. Kada ki ƙara barin farantinsa ya wuce ki saboda ni."